Yadda ake gyara tukunyar gida don a tsufa da lafiya

Rai da ajali a hannun Allah suke, babu jayayya a kan wannan. Amma hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon sukari da ciwon ƙoda, waɗanda ke kwantar da iyayenmu tun da sauran ƙarfinsu, suna da sababi, kuma kaso mai tsoka na sababin yana cikin abin da ake zubawa a tukunya kullum. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019, wanda ya duba ƙasashe 195, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 11 ne suka rasu a 2017 ta dalilin irin cimarsu. Abu uku ne a sahun gaba: gishiri ya yi yawa, hatsi mai dusarsa ya yi kaɗan, 'ya'yan itatuwa sun yi kaɗan. Ga yadda nake tsara gyaran a gida da cimar da muka saba, ba sai an sayi wani garin magani mai tsada ba.

Kayan da za ki tanada

Cokalin shayi ɗaya da babban cokali ɗaya, na awo kawai, ba na cin abinci ba. Ƙaramar roba mai murfi ta zuba gishirin yini guda. Kwalbar lita ɗaya wadda ake hango mai ta jikinta. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Tef ɗin tela. Faifai ko babban tire na tsince wake da gyaɗa. In da hali, na'urar awon jini mai ɗaurawa a damtse. In babu, kemis ɗin unguwa ko asibitin sha-ka-tafi za su auna. Sikelin kicin ba dole ba ne: cokalin shayi na gishiri, a shafe ba a tsiri ba, kusan giram 5 ne, na sukari kuma kusan giram 4.

A cefane kuma a samu gero ko dawa, wake, gyaɗa, riɗi, daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, busasshen kifi, da duk ganyen da ke araha a lokacin.

Sai abin da ba a sayarwa a kasuwa: yardar mai cefane. In ke kina rage sukari, maigida yana shigowa da katan ɗin lemo, aikin ba zai je ko'ina ba. Ku fara zama da shi tukuna.

1. Ki auna kafin ki canza komai

Makon farko ki yi girkinki yadda kika saba, amma ki riƙa rubutawa. Kowace tukunya: gishiri cokali nawa, dunƙule nawa, mai ludayi nawa, sukari nawa ya shiga shayi da kunu. In da yatsu kike ɗiban gishiri, ki fara zuba shi a cokali kafin ki juye a miya. Ki sa alama a jikin kwalbar mai ranar Asabar, ki ga inda ya tsaya wata Asabar.

A cikin makon a auna jinin duk wani baligi a gidan, yana zaune, bayan ya huta minti 5, a ranaku biyu daban-daban. Wanda awonsa ya kai 140/90 ko sama a duka ranakun, likita zai gani, ba girki kaɗai zai jira ba. A kuma zagaya tef ɗin tela a ciki daidai cibiya. Namijin da ya haura inci 37, ko macen da ba ta da juna biyu da ta haura inci 31 da rabi, tumbi ya fara zama abin lura.

Masu tsallake wannan mataki su ne ke cewa "ai mu ba ma cin gishiri sosai". Littafin ne ke raba gardama.

2. Gishiri, dunƙule da kanwa

Nan ne aikin ya fi yawa, nan ne kuma ribar ta fi saurin bayyana, don gishiri ne ke tura jini sama, hawan jini kuma shi ne babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a yini, wato cokalin shayi ɗaya, daga duk abin da ya ci. Yara ƙasa da haka. Ga lissafin gida mai mutum shida: iyakarsu giram 30 ke nan. Ki cire kashi ɗaya cikin uku saboda burodi, ƙosan bakin titi da abin da ake ci a waje. Saura giram 20, cokali huɗu, na girkin safe da rana da dare gaba ɗaya. Dunƙule kuwa kusan rabin nauyinsa gishiri ne, don haka ƙanana biyu ki lissafa su a cokali ɗaya. In kin sa dunƙule huɗu a yini, gishirin da ya rage miki cokali biyu ne. Da safe ki zuba wannan a robar nan, ki jera dunƙulen a kan murfinta. In sun ƙare, sun ƙare.

Kada ki faɗa kan wannan awon rana ɗaya. Za a ture kwano, yara su koma shago, maigida ya ce ba ki da lafiya. Ki rage kashi ɗaya cikin huɗu na abin da littafinki ya nuna, ki zauna a kai mako biyu, ki sake ragewa. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin biki ya riƙa yi wa mutanen gidan zartsi. Sannu ba ta hana zuwa.

Gurbin da gishiri ya bari, ƙamshi ne ke cike shi. Ki daka daddawa da busasshen kifi ko ƙananan jatan-lande, ki soya albasa mai yawa a wuta kaɗan har ta yi ja, ki ƙara tafarnuwa da citta. Ɗan tsami, na tsamiya ko yakuwa ko lemon tsami, yana tayar da ɗanɗanon miya. Gishirin kuma ki bar shi sai miya ta kusa sauka, ki ɗanɗana, sannan ki sa. Ruwan dafa shinkafa da taliya ba ya bukatar ko ƙwaya in da miya za a ci.

Akwai wuraren da gishiri ke ɓuya. Yajin da ake saye a ƙulle yawanci an daka shi da dunƙule da farin magi, gara ki daka naki. Taliyar yara ta leda, rabin garin da ke cikinta ya isa. Sai kanwa, wadda mutane da yawa ba su san ita ma sodiyam ce ba, wato sinadarin da ke sa gishiri ya ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego. In don wake ya yi laushi kike sa ta, ki jiƙa shi tun dare, zai nuna ba kanwa. A ɗanwake da miyar kuɓewa ko karkashi, ɗan ruwanta kaɗan ya wadatar.

Gishirin da za ki saya ya zama mai aidin, saboda maƙoƙo da ƙwaƙwalwar yara. Akwai kuma gishirin da aka gauraya da fotasiyam. An gwada shi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Amma mai ciwon ƙoda, da mai shan wasu magungunan hawan jini, kada ya taɓa shi sai likita ya yarda.

3. A sassauta surfe

Dusar da muke bai wa awaki, a cikinta harzar hatsi da yawancin sinadaransa suke. Ita ke sa sukari ya shiga jini a hankali, ta kuma hana bushewar ciki. Ki ce wa mai inji ya surfa dawa ko gero sama-sama, sau ɗaya, ba sai ya yi fari tas ba. In mutanen gida sun saba da farin tuwo, ki fara da haɗa gari biyu, rabi surfaffe rabi mara surfe, har ido ya saba da launin.

Abin lura: garin da ke da dusa, musamman na gero, yana saurin yin ɗaci saboda man da ke cikinsa. Ki niƙa na mako ɗaya kawai, ki baza shi ya huce kafin ki rufe.

Farar shinkafa, taliya, burodi da kayan fulawa ba a hana su ba, amma kada su zama na safe da rana da dare. Ni tsarina, sau ɗaya a yini, sauran a bar wa tuwon dawa, biskin gero, dambu, fate, ko alkamar da aka niƙa da ɓawonta. Acha ma tana da kyau in an rege yashinta, sai dai ba maganin ciwon sukari ba ce kamar yadda ake tallatawa. Mai sukarin da ya cinye kwano guda, awonsa zai hau.

4. Wake da gyaɗa su zama 'yan gida

Masu bincike a Jami'ar Bergen ta Norway sun fitar da wani ƙiyasi a 2022: mai shekara 60 da ya bar cima irin ta Turawan Yamma ya koma ingantacciya, ya kuma ɗore, zai iya samun ƙarin shekaru kusan 8. Da alƙaluman mutanen Amurka aka yi lissafin, ba namu ba, amma abin da ya fi ba da riba a cikinsa yana nan a kasuwar ƙauyenmu: dangin wake, hatsi mai dusa, da dangin gyaɗa.

Wake ya shiga tukunya aƙalla kwana huɗu a mako. A garau-garau, gwangwanin wake ɗaya ga gwangwanin shinkafa ɗaya, ba 'yan ƙwayoyin da sai an nema ba. Alale ta fi ƙosai, don ba ta sha mai. Faten wake da alayyafo, dafaffiyar gurjiya, awara, garin waken suya a cikin kunu, duk hanya ce. Wanda wake ke kumbura wa ciki, a jiƙa, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa ya yi luguf, a fara masa da kaɗan.

Wajen saye ki shinshina. Waken da ke warin fiya-fiya ki bar wa mai shi, ko nawa ya rage miki. In za ki ajiye na shekara, buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi da aka cika maƙil, suna kashe ƙwari ba tare da magani ba.

Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya a yini ta isa. Amma ki baza ta a faifai ki tsince. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta yi baƙi, ta yi fumfuna ko take ɗaci, a zubar. Fumfunar gyaɗa da masara tana fitar da gubar afulatoksin, wadda ke jawo sankarar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Suya da tafasa ba sa kashe ta. Kada a ce asara ce a mayar da ita ƙuli-ƙuli ko a miƙa wa yara. Buhunan hatsi kuma a ɗora su kan katako, nesa da bango da danshi.

5. Ganye da 'ya'yan itatuwa

Awon shi ne giram 400 a yini ga mutum ɗaya, kimanin cikin hannu biyar. Dankali, rogo da doya ba sa cikin lissafin. Miyar kukar da aka kaɗa da ludayi biyu don mutum goma tana da amfaninta, amma ba ta kai ko kusa ba. Abin da ke kaiwa shi ne abincin da ganye ne jigonsa: kwaɗon zogale ko rama ko tafasa, dambun da zogalensa ya rinjayi tsakinsa, miyar taushe mai kabewa da yawa, fate mai yakuwa da alayyafo, yalo da gauta a gefen kwano.

Ki wanke ganye kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba, ki kuma zuba shi daf da saukewa. In ya koma ruwan ƙasa, ya wuce. Latas da kabejin da za a ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsabta sosai, don ba kowane lambu ake shayarwa da ruwan kirki ba. Lokacin da amai da gudawa ke yawo, a dafa komai.

In kuɗi ya yi ƙaranci, a bi kaka: mangwaro da bazara, lemo da karas da hunturu, gwaiba, gwanda da kankana in sun faɗo. Magarya, kanya, ɗinya da goruba ma 'ya'yan itace ne, ba sai tuffa ba. Da damina ki shanya zogale, rama da lalo a inuwa, ki adana don rani. A ci ɗan itacen da kansa, ya fi a matse ruwansa a zubar da tuƙar.

6. Mai

Awona babban cokali biyu ne ga mutum ɗaya a yini. Ke nan lita ɗaya ta kai gida mai mutum shida kwana biyar ko fiye. Dabarar miyar dage-dage: ki dafa markaɗen kayan miya shi kaɗai har ruwansa ya tsotse, tsaminsa ya fita, sannan ki zuba man da kika auna. Ba sai ya yi iyo a sama ba ne miya ta yi kyau.

Man ja kada a bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, jan nan shi ne amfaninsa. Amma kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, haka ma man shanu, don haka a riƙa musanyawa da man gyaɗa ko na waken suya. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana kumfa, a zubar. Suya gaba ɗaya ta koma sau ɗaya ko biyu a mako.

7. Sukari

Iyakar baligi cokalin shayi 12 ne a yini, in an tsaya a 6 ya fi. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 tana iya cinye 12 ɗin ita kaɗai. A shayi da kunu da koko, ki riƙa rage rabin cokali duk mako. Zoɓo ki dafa shi da ɓawon abarba, citta da kanumfari, sukari ɗan kaɗan. Fura da nono tana shiga ba sukari in nonon bai yi tsami da yawa ba. Zuma ma a wannan lissafin sukari ce, kada mai ciwon sukari ya ruɗu. Da azumi ne aka fi karya wannan doka: dabino uku da ruwa, sannan abinci, a bar jerin jog-jog na kayan zaƙi.

8. Nama da kifi

A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka sarrafaffen nama, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji. Jan nama kuma ta ce da alama yana jawowa. Tsire, balangu da kilishi su zama na marmari, a kuma kankare inda ya ƙone. Kifi sau biyu a mako, ko na ruwa ko busasshe, ƙwai da kaza in an samu.

9. Rabon kwano

Hadisin nan da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, shi ne awon. A faranti, rabi ganye, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake ko kifi ko nama. Inda ake ci a tire ɗaya, ki ƙanƙanta malmala, ki yawaita miyar ganye. Abincin dare a ci shi da wuri, kada a tashi daga kwano a faɗa gado.

Babban kuskuren da nake gani shi ne a ware wa Baba tukunyarsa ta "marar lafiya", lami, sauran gida na cin mai maiƙo a gabansa. Ba ya jurewa, zai aiki jika ya sayo masa tsire a ɓoye. Su kuma matasan gidan suna kan hanyar da ta kai shi inda yake. Tukunya ɗaya za a gyara wa kowa. Haka aka yi a yankin Karelia ta Arewa a ƙasar Finland daga 1972: al'umma gaba ɗaya ta rage man shanu, gishiri da taba, cikin shekaru kusan 40 mutuwar maza masu ƙarfin aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100.

Tsofaffi kuma kada gyara ya zama horon yunwa. Tsohon da ke ramewa yana rasa tsoka, daga nan sai faɗuwa da karaya. In haƙora sun zube, a ba shi alale, faten wake, kifi mara ƙaya, nono, dafaffen ƙwai, kunun gyaɗa mai kauri. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai tambaya ba, don tsufa na rage jin ƙishirwa. Mai ciki, mai shayarwa da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba a rage musu abinci ko mai. Gishiri da sukari kawai ake taƙaitawa.

10. Bayan wata uku, a sake awo

Kada ki ɗauki matakan nan a mako guda. Gishiri da sukari tukuna, in sun zauna sai mai, sai surfe. Bayan wata uku a sake auna jini da ciki, ki rubuta kusa da awon farko.

Mai shan maganin hawan jini kada ya daina don awonsa ya sauko. Ki tafi da littafin wurin likita, shi zai ce a rage ko a bari. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar maganin ciwon sukari ya sanar da likitansa tun kafin a rage masa tuwo, don sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa, alamarsa rawar jiki, zufa da jiri. Mai ciwon ƙoda kuwa, wake, ganye, ayaba da lemon zaƙi suna iya yi masa yawa, nasa tsarin a asibiti za a rubuta masa.